Kawuna da Allunan da Na Sa Aka Wanke

Na Allah muke, kuma wurinsa za a mai da mu, kowa da ranarsa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin makarantar allo ta lungunmu a nan Zangon Kumasi, ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi ana yayyafi, aka kai shi maƙabartar Tafo bayan azahar.

Matarsa ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki riƙe da butarsa, duk wadda ta shigo ta ce mata sai haƙuri, sai ta amsa, "Ko kokon da na dama masa bai sha ba." Maƙwabciyarmu Batona, 'yar asalin garin nan, mai sai da dokunu, tuwon masarar da ake ci da kifi, ta ɗauro baƙin zane ta zo ta tsaya a ƙofar zaure, don ta san ba a shiga da kururuwa gidan Musulmi. Ta riƙe hannuna biyu tana yi mini ta'aziyya da harshensu, "Due, due o." Sannan ta juya Hausarta, da sunan da suke kiran malami, ta ce, "Kramo ya tafi. Yanzu wa zai hana yara ya sata mini kifi?" Mutane suka yi murmushi da hawaye a ido.

Akwai wani ƙaton Bamoshe, wato mutumin Mosawa, ɗan kayakaya, mai dako a babbar kasuwa. Ya iso da gammonsa a ka, bai ko tuna ya sauke ba. Da aka ɗaga makara ya kama gaba ya ƙi sakar wa kowa. Dattawa suka ce masa ya bari wasu ma su sami lada. Ya ce, "Ni ɗaukar kaya ne aikina. Wannan kaya nawa ne." Haka aka ƙyale shi.

Ni kuwa kowa ya zo sai ya ce mini, "Kai ne magaji yanzu, Allah ya ba ka irin haƙurinsa." Limaminmu ma haka ya faɗa, sai dai shi ya daɗe yana kallona kafin ya saki hannuna. Ya san abin da ya faru, duk lungun an sani. A bayan gida kuma 'yata ta fari na tsugune tana wanke ƙoƙunan koko. Ba ta yi kuka ba, ba ta leƙo ba. Tun kafin rasuwar ta daina taɓa allonta, kuma ni na jawo. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, amma ba zan iya faɗin ko wane ne shi ba sai na faɗi abin da na yi wa aikinsa da hannuna.

Ni ba malami ba ne. Tela ne ni. Na sauke Alƙur'ani a gabansa, na taɓa littattafan farko na sanin alwala da salla, na koyi boko gwargwadon rubuta awon riga. Iyakar ilimina ke nan.

Makarantar Kawu zaure ne mai rufin kwano, yana yoyo ta kusurwar gabas, ga kwata na bi ta gabansa. Matarsa ta gaji da yi masa maganar yoyon, kullum sai ya ce a matsar da tabarma. Yaran da ke ciki kuwa kamar an kwaso su daga tashar mota. Ga 'ya'yan Hausawa fatake, ga Dagwamba, ga Zabarmawa, ga Mosawa, ga waɗanda uwayensu Tonawa ne, Tonanci ya fi zama a bakinsu. Wani ya zo da harshen da ya saba da haruffan tun a gida, wani kuwa sai an yi wata ana fama kafin ya raba harafin maƙogwaro da na baki. Da makarantun boko suka yawaita sai aka sami masu zuwa da yamma kaɗai, a gajiye, da ƙurar alli a hannu.

Duk waɗannan, Kawu shi kaɗai ke rubuta musu allo. Yaro zai durƙusa gaban buzunsa ya miƙa. Ba ya tsoma alƙalami a tawada sai ya dubi fuskar yaron tukuna. "An karya a gidanku?" "Jiya wa na ji yana kuka, kai ne ko ƙanenka?" Sannan ya ɗora babban yatsansa a gefen allo, daidai inda rubutun zai tsaya. In yaro ya ja numfashi, yatsan ya hau sama kaɗan. In idonsa ya yi haske, yatsan ya sauko. Wani ya tashi da layi ɗaya, wani da rabin allo, wani gaba da baya. Awon jiya ba shi ne na yau ba. Yarinyar da uwarta ta haihu a makon, ko yaron da ya kwana da zazzaɓi, an rage musu ke nan ba sai sun roƙa ba.

Kuma ba mai wanke allo sai ya ce a wanke. Wannan ita ce dokarsa da ba ta lanƙwasuwa. Za ka biya masa daga sama, ya sa ka fara daga tsakiya, ya rufe wata kalma da yatsa ya tambaye ka ta gaba da ita. In ya gamsu sai ya ce, "Je ka wanke." Kalmar nan ta fi alawa daɗi a kunnenmu.

Ni mai saurin ɗauka ne tun ina yaro, kuma na sha wuya a hannunsa saboda haka. Kafin wasu su gama gyara zama na haddace nawa. Maimakon ƙari sai ya sa ni in sake rubuta shi da hannuna har rubutun ya miƙe. In na gama ya zaunar da ni kusa da wani Badagwambe mai nauyin kai, ya ce in saurare shi. Sharaɗin shi ne kada in faɗa masa kalma sai ya nema da bakinsa. Ina ganin kalmar ƙuru-ƙuru, yaron na lalube. Da na kasa daurewa na faɗa, sai in ji carbi a ƙeyata. "Bakinka ya fi kanka gudu," in ji shi. "Ruwan kwano ne kai, ga ƙara ga sauri, a leƙa randa ba komai." Na yi shekaru ina jin haushin maganar nan.

Kawu ba mai sauƙin hali ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Harshensa na da kaifi, kuma in ya kafe ko limami ba ya tanƙwara shi. Na tuna rigimarsa da wani Alhaji mai fataucin goro. Yaron Alhaji na da kai ƙwarai, uban kuma na so ya sauke kafin ya yi tafiyarsa ta arewa, don a yanka sa a tara jama'a. Ya zo zauren da babbar riga yana share gumi.

"Malam, yaron nan kansa wuta ne. Ka cika masa allo gaba da baya mana, me ake jira?"

Kawu bai ɗaga kai daga rubutu ba. "Alhaji, goron da aka ɗaure a huhu bai gama shan iska ba, yana isa Kano lafiya?"

"Ni ba goro na kawo maka ba, ɗa na kawo."

"Shi ya sa. Goro in ya ruɓe ka zubar ka sayi wani."

Alhaji ya ja hannun ɗansa ya kai shi wata makaranta a unguwar Aboabo. Ya daɗe ba ya gaida Kawu ko a masallaci. Yaron ya sauke a can, an yanka sa, kuma karatunsa bai lalace ba, ni na ji shi da kunnena. Da na gaya wa Kawu sai ya tauna goronsa ya ce, "Wataƙila na riƙe shi fiye da kima. Awo ne, wata rana hannu na zarcewa." Ban taɓa jin ya janye magana ba sai ran nan. Alhajin ya zo jana'iza, ya zauna can baya.

Bamoshen da ya riƙe makara, da gemunsa ya zo makaranta. Ya ce yana jin kunyar tsayawa salla bakinsa ba komai. Ranar farko yara suka yi ta dariyar yadda yake furta haruffa, ya tashi zai tafi. Kawu ya bi shi har bakin kwata ba takalmi. Daga ran nan ya ba shi lokacinsa shi kaɗai, bayan la'asar, a bayan ƙyauren zaure inda ba mai gani. Kalma biyu, kalma uku. Na taɓa ce masa, "Kawu, mutumin nan shekara da shekaru yana ƙananan surori." Ya ce, "Wanda ya wuni da buhun masara a ka, ba a tarbarsa da wani buhun." Mutumin yana salla da abin da ya samu har yau.

Sai 'yata. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ni Mma nake ce mata, Kawu kuwa Yaya yake kiranta, tun da sunan yayarsa ne. Tsoho da furfura yana ce wa yarinyar da ba ta kai shekara goma ba Yaya, har da rusunawa. Yarinyar kanta na da nauyi. Haruffa na juya mata, ta gane yau gobe su ɓace. Ta daɗe a babbaƙu kafin ta shiga farfaru. Amma ba ta taɓa ƙin makaranta ba, ita ke riga kowa shimfiɗa tabarma.

"Yaya, yau nawa za ki ɗauka?"

"Kaɗan."

"Kaɗan kamar naman miyar kakarki, ko a ɗan fi haka?"

Daga cikin gida matarsa ta ɗago murya, "Ina jin ka! Kawo naman ka ga ko ba zan zuba ba!"

Yarinyar ta rufe baki tana dariya, shi kuma ya rubuta mata rabin layi. Takan yi mako a kansa. In ta tsaya tana neman kalma ba ya tari, ba ya kallon wani wuri, ba ya buɗe baki. Zai zauna kamar ba shi da wani aiki a duniya. In ta samo sai ya ce, "Ai na san tana nan." A haka ta hau ƙananan surori ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ta riƙe ta riƙe shi.

Ni kuwa kunya nake ji. 'Yar wanda aka sani da kaifin kai, jikar malam, ita ce a baya. Uwarta ma takan ce, "In karatun ba ya shiga, ga tallan koko na neman hannu." Kawu ne kaɗai ya tsaya tsakanin yarinyar da tallan nan.

Ana cikin damina ciwo ya buge shi. Ya faɗi a wurin alwala, muka kai shi babban asibiti na Bantama. Ya dawo ɓarin damansa a shanye, bakinsa a karkace, hannun ba ya riƙe alƙalami. Dangi suka taru suka ce ni zan riƙe makaranta kafin ya samu sauƙi. Na karɓa, kuma in faɗi gaskiya har da jin daɗi.

A lokacin ɗinkin kayan 'yan makarantar boko ya buɗe mini. Nakan shimfiɗa yadi ninki-ninki in yanka riguna da yawa da awo ɗaya. In na kai kaya nakan tsaya ta taga in ga malami ɗaya da baƙin allo ɗaya, yara na amsawa da murya ɗaya, kowa na tafiya tare. Abin ya burge ni. Na dubi zauren Kawu, kowa da nasa karatun, hayaniya kamar kasuwar kaji, rubutun alluna kaɗai na cinye safiya. Na ce wannan ɓata lokaci ne. Na sa kafinta ya yi mini faffaɗan katako, na shafa masa baƙin fenti na kafa a bango. Na raba yara gida biyu, manya da ƙanana. Kowane gida darasi ɗaya, kowa ya kwafa, a yi ta maimaitawa tare. Ranar Laraba kafin a tashi hutun mako, kowa ya wanke allonsa, Asabar a ɗora sabo.

Daɗin sauraro kam akwai shi. Muryar yara na fita har bakin titi, masu wucewa na cewa makarantar malam ta farfaɗo. Abin da ban so in gani ba shi ne masu kai ne ke jan karatun, sauran leɓe kawai suke motsawa. Masu kan ma ba su tsira ba. Kafin Litinin sun gama da darasin mako, sai mintsini da jifa da ƙwallon dabino, wasu su sulale kallon motoci. Don in riƙe su sai na ƙara tsawon darasi. Na baya suka ƙara nisa. Ran Laraba dai kowa ya wanke. Na ga 'yata a bakin kwata tana wanke rubutun da ba ta taɓa karantawa ita kaɗai ba, na kau da kai.

Kawu na jin komai ta bango. Ya aiko matarsa ta ce mini, "Ya ce ka rage." Na ce to. Ta sake zuwa, "Ya ce wa ya ce su wanke?" Na ce ta gaya masa ya huta, komai na tafiya daidai. A raina ina cewa so nake manyan su kai sauka yana da rai, a yi walima a fito da shi ya gani. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin so nake a ce abin da tsoho ke yi a shekara, tela ya yi shi a wata.

Wata safiya sai ga shi an tallabo shi, matarsa a gefe, Bamoshen nan a gefe. Aka zaunar da shi a buzunsa aka jingina shi da bango. Na yi murna, na ɗaga sanda na nuna baƙin allo, ƙanana suka ɗauka da ƙarfi har kwano na amsawa. Ya saurara. Sannan ya ɗaga hannun hagu, aka yi tsit.

"Yaya," ya ce, da bakin nan nasa da ya karkace. "Zo ki biya mini."

Ta zo ta durƙusa da allonta cike da rubutu har ƙasa. Ta dubi layin farko. Ta buɗe baki ta rufe. Yara suka fara ƙus-ƙus. Shi bai motsa ba. Ni ne na kasa. Na ce da ƙarfi, a gaban yara, a gaban baƙo, a gaban kakanta, "Daƙiƙiya! Mako guda ana abu ɗaya, ko jaki ya ɗauka!"

Ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuyar da kai.

Kawu bai dube ni ba. Ya sa ta ajiye allon, ya ja mata farkon surar da ke bayan wannan, ta kasa. Ya koma ta bayanta, ta kasa. Ya yi ta komawa baya da ita, magana na fita masa da ƙyar, miyau na zuba matarsa na gogewa, har ya iso inda shi ya bar ta ranar da ya faɗi. Wannan ta san ta kamar sunanta a da. Ta fara, ta yi aya biyu, ta cakuɗa da wata, ta tsaya. Har wannan ta zube.

Sai a lokacin ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka ƙwace na hannunta, ba ka ba ta naka ba." Ya nemi a mai da shi ɗaki. Bai sake fitowa zauren ba.

Washegari ba ta zo makaranta ba. Uwarta ta ɗora mata ƙoƙuna ta bi ta bakin titi wurin koko da ƙosai, ni kuma ban hana ba, don ganinta na tuna mini. Na ce bari ƙura ta lafa. Baƙin allon ma ban cire ba, girman kai ya hana. Kawu na kwance yana tambaya, "Yaya ba ta zo ba?" A aika kiranta, ta ɓuya a bayan randa. Ba fushi take da shi ba. Kunyarsa take ji, tana ganin ita ta ba shi kunya. Ni da ya kamata in kama hannunta in kai ta, in ce a gabansa laifina ne, kullum sai in ce gobe. Daren da ya rage masa na ƙarshe ma, matarsa ta ce ya tambaya. Ya tafi bai gan ta ba.

Bayan sadakar bakwai na buɗe makaranta. Na cire katakon na ba matar Kawu ta tare yoyon kusurwa da shi. Yaran da suka dawo ba su kai na da ba. Na zauna a ƙasa kusa da buzunsa, don ban iya hawa kansa ba, na kira su ɗaya ɗaya ina komawa baya da kowa har in sami inda ƙafarsa ta taka ƙasa. Wasu sun yi kuka da aka mai da su baya. Wata uwa ta zo ta zage ni tas, ta ce da na ce ɗanta ya wuce ƙarya nake, ko yanzu ne nake ƙarya? Na ce da ne. Aikin da na raina, na ce yana cinye safiya, yanzu yana cinye mini har azahar, kuma ban iya shi ba. Nakan ɗora yatsa a gefen allo in dubi fuskar yaro, ban ga abin da Kawu ke gani ba.

Jiya da sassafe na ɗauki allonta. Na wanke shi da kaina na shafa masa farar ƙasa ya bushe. Na same ta a bakin titi ita kaɗai, uwarta ta koma gida ɗebo ƙullu. Tana zuba wa wani direba koko. Na jira ya tafi, na tsuguna kusa da tukunyar, abin da uba ba ya yi wa 'yar fari a idon jama'a.

Na ce, "Mma, ga allonki. Abin da na faɗa ran nan, ni ne daƙiƙin, ba ke ba. Ki dawo. Rabin layi zan rubuta miki. In kin yi wata a kansa ba mai ce miki ki wanke."

Ta dubi allon, ba ta miƙo hannu ba. Ta ɗauki ludayi tana juya kokon da ba ya bukatar juyi.

Na ce, "Zan jira ki, ko yaushe kika samo."

Ba ta ɗago ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba rashin kunya a ciki, kamar mai faɗin farashin ƙosai. Ta ce, "Baba, kai ba ka iya jira ba."

Wata mata ta miƙo kwano, ta juya ta zuba mata. Na tsaya nan da allo a hannu har rana ta ɗaga, sannan na koma zaure, yara na jirana.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya yi masa awo da sauƙi kamar yadda ya yi wa 'ya'yan mutane. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In da saura a bakinsa, ya roƙa mini Allah ya sa yarinyar nan ta karɓi allonta kafin ni ma a ɗauke ni.